Ciki Ne, Baba

A makarantar likitocin akwai wani ɗaki can ƙasa, sai ka sauka matakala goma sha huɗu, wanda ko masu shara sai an yi da gaske suke leƙa shi. Teburan ƙarfe takwas ne a jere, kowanne da lulluɓinsa. Fanka biyu, ɗaya ta daɗe da mutuwa. Ga warin maganin da ake jiƙa gawa a ciki, mai sa mutum hawaye ko ba a yi masa rasuwa ba. A wannan ɗaki Baba Mai Ja ya yi shekara ashirin da tara.

Kada ka ce masa likita, dariya zai yi maka. Aji huɗu ya yi a firamare ya ce ya ƙoshi. Da tsintsiya ya shigo makarantar, sai mai kula da ɗakin gawa ya ajiye aiki, aka yi ta cigiyar wanda zai gaje shi, kowa ya ce kai, a kai kasuwa. Shi kuwa a lokacin matarsa na da tsohon ciki, ya ce a ba shi. Ya yi mako guda bai iya cin nama ba, daga nan ya saba, don ɗan Adam babu abin da ba ya sabawa da shi.

Aikinsa shi ne shirya gawa kafin ɗalibai su sa mata wuƙa. Yakan dama wani jan ruwa mai kauri kamar fenti, ya cika babban sirinji, ya soka a jijiyar cinya, ya riƙa turawa a hankali har jan ya bi duk hanyar da jini yake bi lokacin da mai jikin ke yawo a duniya. In ya kwana biyu sai ya daskare. Ɗalibi na buɗewa ya ga jijiyoyi ja zur, kowace a muhallinta. Daga nan sunan ya samo asali, har ta kai wasu malaman ba su san yana da wani suna ba.

Yana da wata ɗabi'a da ɗalibai ke yi wa dariya a bayan idonsa. Kowace gawa a ɗakin tana da ɗan farin ƙyalle da yake rufe mata al'aura da shi, shi ya yanko su da kansa, shi ke wanke su. In ɗalibi ya gama aiki ya bar wurin a buɗe, tsohon ba zai yi faɗa ba, zai dai zo ya kau da kai gefe ya ja ƙyallen ya rufe. Wani ɗan rainin wayo ya taɓa ce masa, “Baba, ai shi ba ya jin kunya yanzu.” Ya ce, “Ni ina ji.”

Kowane mai sana'a da inda yake gwada gwanintarsa. Ta Mai Ja wata 'yar jijiya ce siririya, ba ta fi zaren ɗinki biyu a haɗe ba. Tana tasowa daga babbar jijiyar jini ta tsakiyar ciki, dab da ƙoda, ta gangaro ta bayan hanji, ta ratsa mara, ta bi wata 'yar kafa a matsematsi, ta sauka har cikin maraina. Tafiya ce mai nisa ga abu ƙarami haka. In ka matsa sirinji da ƙarfi ta fashe, in ka yi sanyin hannu jan ya tsaya a hanya. Shi kuwa rabon da ta fashe masa har ya manta. In Farfesa ya ɗago ta da hantsaki yana nuna wa aji, sai ka ga tsohon na gyara tsayuwa a bakin ƙofa, sai ka ce ɗansa ne ya zo na ɗaya.

Darasin ma ya haddace shi, tun da shekara-shekara a kunnensa ake yi. Farfesa, wani dogo mai sanƙo da ba ya barkwanci sai a wannan darasin, yakan ce 'ya'yan maraina baƙi ne a inda suke zaune. Asalinsu can sama ne kusa da ƙoda. Tun jariri na cikin uwa suke yin ƙaura zuwa ƙasa, suna jan igiyarsu a baya. A cikin igiyar nan jijiyoyi uku ne ke kai musu jini, ga wasu a cukurkuɗe masu mayar da shi sama, duk a dunƙule wuri guda. In ƙwan ya juya a cikin jakarsa, igiyar ta murɗe, to an shaƙe su gaba ɗaya. Awa shida gare ka, in ji Farfesa, ka warware ta, ko abin ya mutu mai shi na ji yana gani.

Daga nan sai ya ce, “Baba, kawo arba'in da ɗaya.”

Kwalba ce a kan kanta ta uku. Abin da ke cikinta baƙi ƙirin ne kamar dabinon da ya ruɓe, igiyarsa a murɗe sau biyu. Na wani saurayi ne da aka kawo asibiti bayan kwana guda, yanzu ba wanda ya san ko wane ne. Mai Ja ke sake mata ruwa duk bayan wata shida, kuma a cikin kwalabe sama da ɗari da ke ɗakin ita kaɗai ce ba ya son ya daɗe yana kallo.

A gida kuwa sana'ar nan ta ci masa abubuwa da yawa. Warin maganin ya kama fatar hannunsa, ba sabulun da bai gwada ba. Maƙwabta kan gaisa da shi hannunsu a ƙirji. In aka yi haihuwa a layinsu ya je barka, sai a ce ai jaririn na barci, kada dai ya ce a miƙo. Matarsa, mace mai kirki amma bakinta ba linzami, ta ware masa kwanonsa da kofinsa tun shekarar farko, wani koren kwano mai tsaguwa a baki. “Ba ƙyama ba ce, Malam,” in ji ta, “zuciyata ce ke tashi.” To mece ce ƙyamar in ba ita ba?

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa gudun hannun nan ba, Auta. 'Ya'yansa biyar, huɗu maza duk sun watse neman abinci, ita kaɗai ce mace. Tun tana rarrafe take zuwa ta tsoma hannu a koren kwanon, uwar ta yi faɗa har ta gaji ta sa musu ido. Ta girma, ta yi aure, amma duk ranar da ta zo gida sai ta ja kujera ta zauna gabansa sun ci tare, tana tsokanarsa wai yana tura mata ƙashi yana ɓoye tsoka a gefensa. Ba ya faɗa, amma duk duniya ba abin da yake so kamar yarinyar nan.

Mijinta tela ne, shagonsa na bakin titi, gidansu bai fi tafiyar minti goma daga na Mai Ja ba. Mutum ne mai kunya har ta yi yawa. Shekara biyar da aure bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba. In suka yi kiciɓis a hanya sai ya durƙusa ya kafa wa ƙasa ido kamar ya yar da allura. Mutumin da ke wuni yana auna cinyoyin maza da tef, ka ji fa!

Shekara biyar ɗin nan kuma shiru, ko ɓari babu. An sha maganganu, duk a kan Auta, kamar yadda aka saba. Sai bara suka je asibiti a ɓoye aka auna su su biyun. Auta ta kawo wa ubanta takardar a ninke, ta ce ya nemi wanda zai karanta musu ita da kyau, amma kada mijin ya san ta nuna. Wani likita a makarantar ya duba ya ce ita lafiyarta ƙalau. Shi ne hangum ya kama bayan ya girma, ciwon ya sauka ƙasa ya lalata ƙwan maraina na dama, ya tsotse, ba shi da sauran amfani. Na hagu ne ke aiki, shi ma da rauni, amma da magani da haƙuri ana sa rai. Watau duk jikan da Mai Ja zai samu ta wajen Auta yana rataye ne a wannan igiya guda ta gefen hagu. Ya ninke takardar ya mayar mata. A gaban Tela kuwa ya ci gaba da zama kamar bai san komai ba.

Ranar wata Talata, yana ɗaura agogo zai fita aiki, wayarsa ta yi ƙara. Auta ce. Ta ce mijinta ya tashi da ciwon ciki tun biyar da rabi, ya yi amai sau biyu, ko zai biyo ya duba shi.

Ƙarfe bakwai ya shiga gidan. Ɗaki ne da falo, tsohon keken ɗinki a kusurwa, labule a sake. Tela na kwance a katifa ya ja bargo har ƙirji, da zafin nan, gumi na tsattsafo masa a goshi. Yana ganin surukinsa ya yunƙura zai tashi ya gaishe shi, sai ya koma yana cije leɓe.

“Kwanta, kwanta. Sannu. Ina ne ke ciwon?”

“Ciki ne, Baba.”

Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Mai Ja ya ga yadda mutumin ya ware ƙafafu a ƙarƙashin bargon, alhali mai ciwon ciki naɗewa yake yi. Ya ga tudun hannunsa, kuma ba a kan cibiya yake ba, ya gangara ƙasa, ta hagu. Kwalbar nan ta gifta masa a ido.

Auta na tsaye a kansu da kofin ruwa. Uwar Tela ma ta riga shi isowa, tana zaune a bakin katifa tana jan carbi, tana satar kallon hannuwansa kada ya taɓa mata ɗa. Tambaya ɗaya ce ta rage, kalma ɗaya tak. Ya buɗe baki. Amma ta yaya zai ambaci wannan wuri ga mijin 'yarsa, a gaban 'yarsa, a gaban uwar mutum? In ya tambaya, ai ya tona cewa ya ga takardar. In kuma ba shi ba ne fa? A ce tsoho ya zo da sassafe yana lalube a wandon suruki da hannun gawa?

“Ciki ko?” ya ce.

“Ciki, Baba.”

“Me ka ci jiya?”

Wallahi abin da ya tambaya ke nan. Uwar ta cafe zancen, ta ce ai ta sha faɗa masa ya daina cin abincin bakin titi, ba ya ji. Aka yi ta maganar wake da mai. Mai Ja ya ce a sayo maganin ciki a wurin mai kemis, in bai lafa ba zuwa rana a kai shi asibiti. Auta ta rako shi ƙofa tana cewa Allah ya bar mata Babanta. Ya tafi yana gaya wa kansa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, tun da mutum ya ce ciki, to ciki ne.

Sai da ya sauka matakalar nan ya duba allo sannan ya tuna ko wane darasi ne yau. Ya yaye lulluɓin tebur na uku, ya jera hantsaki da almakashi a faranti, ya goge kwalba ta arba'in da ɗaya ba tare da ya kalli cikinta ba. Agogon bango na ta aikinsa. Takwas ta yi, tara ta yi. Sau biyu yana ciro waya yana mayarwa. Ya tara bokiti a famfo, ya cika ya malale har ƙarƙashin tebura bai sani ba.

Ƙarfe goma ɗalibai suka cika ɗakin da fararen riguna, ana toshe hanci. Farfesa ya cire ɗan farin ƙyallen ya ajiye gefe, ya ɗago 'yar jijiyar da hantsaki, ja zur tun daga ƙoda har ƙasa. Ya yi barkwancinsa na baƙi masu ƙaura, aka yi dariya. Can sai ya ajiye hantsakin ya ɗaga yatsa, kamar yadda yake yi kowace shekara.

“Ku saurara da kyau. Tun da asalinsu ciki ne, in suka shiga uku a ciki suke kuka. Mutum zai zo muku yana amai, ya ce cikinsa ke ciwo. Rabi gaskiya ya faɗa, rabi kunya ce. Duk namijin da ya ce muku ciki, ku ce ya sauke wando. In shi ya ji kunya, ku ma kuka taya shi, to ku kuka kashe abin. Sannan in ciwon ya lafa da kansa bayan wasu awoyi, kada ku yi murna. Abin da ya mutu ba ya ciwo. Baba, kawo arba'in da ɗaya.”

Sau ashirin da tara ke nan Mai Ja na jin wannan magana. Ya ɗauko kwalbar ya dire ta a kan tebur da ƙarfi har ruwan ciki ya kaɗa. Farfesa ya ce, “Lafiya, Baba?” Bai ma tsaya cire rigar aiki ba. Ya haye matakala yana latsa waya.

“Baba, alhamdu lillahi,” in ji Auta, muryarta wasai. “Mai kemis ya zo ya yi masa allura. Ya ce ciwon ya ragu sosai, har ya soma gyangyaɗi.”

Ya tsaya cak a tsakiyar matakala. Allurar ce, ko kuwa abin ne ya mutu? Ya so ya ce mata ta yaye bargon ta duba, ta sa shi a mota yanzu-yanzu. Amma ko a waya, ga 'yar cikinsa, ya kasa furta kalmar. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, “Ga ni nan zuwa. Kada ya ci komai, ko ruwa.” Agogonsa ya nuna sha ɗaya saura kwata.

Ranar da kake sauri ranar hanya ke cushewa. Wata babbar mota ta kife a mahaɗar titi da lodin siminti, tasin da ya hau ya maƙale, gaba babu, baya babu. Ya sauka ya ci sauran da ƙafa, tsoho ɗan shekara sittin da uku yana gudu-gudu sauri-sauri cikin farar riga, mutane na darewa saboda warin. Yana tafe yana ƙirga da yatsu: shida da rabi, bakwai da rabi, takwas da rabi. Kafin ya kai ƙofar gidan yatsa na shida ya riga ya lanƙwashe.

Wannan karon bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce wa matan su ba shi wuri. Uwar Tela ta miƙe tsaye.

“Wurin me? Ya samu sauƙi, a bar shi ya huta mana. Kuma Malam, ba don na raina ka ba, daga wurin aikinka kake, ko hannu ba ka wanke ba. Ɗana da ransa.”

“Don yana da ran ne na zo, Hajiya. Ki fita.”

Bai taɓa ɗaga wa mace murya ba sai ran nan. Auta ta dubi fuskar ubanta ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, ta kama hannun surukarta suka fita. Ya rufe ƙofa ya durƙusa a bakin katifa. Tela ya juya fuska bango.

“Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba ciki ba ne. Maraina ne, na hagu. Ko ƙarya na yi?”

Can sai kafaɗun mutumin suka fara rawa.

“Tun asuba, Baba. Kamar an buga mini guduma. Na kasa faɗa. Ga Inna, ga ita, ga ka.”

“Na sani. Yaye bargon.”

Ya yaye. Wurin ya kumbura ya yi jawur, na hagun ya haye sama ya kwanta a gicciye, ba yadda Allah ya rataye shi ba. Mai Ja ya sa yatsu biyu a hankali. Sau dubbai ya bi wannan igiya da yatsun nan, amma bai taɓa jin ta da ɗumi ba sai yau. A sama da ƙwan ya ji ƙulli mai tauri.

“Ka san yadda zare ke harɗewa a cikin keke ya shaƙe shi? Haka igiyar ta yi. Sai an buɗe an warware. Tashi.”

“Ai ya daina ciwo sosai, Baba.”

“Shi ne abin da nake tsoro.”

A asibiti aka ga wani Mai Ja da ba a sani ba. Mutumin da ko a layin famfo yake bari a wuce gabansa, yau ya tsallake layi, ya bugi teburin nas, ya faɗi sunan wurin da ƙarfi har na kan benci suka sunkuyar da kai. Kalmar da ta gagare shi a gaban mutum uku da safe, ga shi yana shelarta a gaban hamsin. Aka yi sa'a likitar tiyatar da ke bakin aiki tsohuwar ɗalibar ɗakinsa ce, wata gajeruwa da ta taɓa suma a gindin tebur na biyar, shi ya yayyafa mata ruwa. Ta duba sau ɗaya ta ce a shirya ɗaki. Duk da haka, kafin a ɗebi jini, a sa hannu a takarda, a fito da wanda ake yi wa aiki a ciki, ƙarfe biyu ta wuce.

Ta bar shi ya tsaya a bayan gilashin ƙofa. Daga nan yana hango agogo, da bayan likitar, da wani ɓangare na abin da hannunta ke yi. Ya ga ta warware, sau ɗaya, sau biyu. Ya ga ta naɗe abin da auduga mai ɗumi, ta harɗe hannu a ƙirji, kowa a ɗakin ya tsaya. Jira ake a ga ko jini zai komo, ko launin zai juya. Shekara da shekaru yana tura ja cikin wannan jijiya a jikin matattu tana karɓa. Yanzu ga shi tsaye ba abin da zai iya, sai babban yatsansa da ke ta danna gilashin kamar yana matsa sirinji. Minti biyar. Minti goma. Likitar ta buɗe audugar, ta ɗan tsaga da wuƙa, ta sake jira. Ko daga inda yake ya gane launin, don shi ke sake wa irinsa ruwa duk wata shida.

Da ta fito ta sauke abin rufe baki ta ce, “Baba, sai haƙuri. Na cire shi. Na daman na ɗinke shi kada shi ma ya juya, amma ka san yadda yake.” Ta dafa kafaɗarsa. “Ai kai ka yi ƙoƙari. Da da safe na same shi, ko da tara ne, ko goma, da wata magana nake gaya maka yanzu. Wa ya fara ganinsa?”

“Mai kemis,” in ji uwar Tela daga bayansu, tana sharar hawaye. “Allah ya isa tsakaninmu da mai kemis.”

Mai Ja ya bar laifin a kan mai kemis.

Kwana uku ana sa masa albarka. Uwar Tela, da ke gudun inuwarsa a da, ta aiko masa da turare da yadi. A layinsu aka ce ashe tsohon likita ne a ɓoye, wai shi ya ceci ran Tela. Masu gaisawa da hannu a ƙirji suka fara miƙo hannun. Kowace albarka sai ya ji kamar an barbaɗa masa gishiri a miki. Abinci ma sai matarsa ta yi ta mita kafin ya taɓa.

Ran Juma'a da rana Auta ta biyo gida daga asibiti. Ta rame, idanunta sun faɗa. Uwar ta zuba masa abinci a koren kwano, Auta ta ja kujera ta zauna gabansa kamar kullum, ta wanke hannu.

“Ya ce in gaishe ka. Wai bai san da wane ido zai ƙara kallonka ba.” Ta yi ɗan murmushi. “Na ce da can ma da wane ido kake kallon nasa? Likita ta ce zancen haihuwa sai dai wani ikon Allah. Na ce to. Ni abin da ke cin raina, Baba, da ma da safen nan ya faɗa maka gaskiya. Da ka sani ai ba za ka tafi ka bar mu ba.”

Da ya yi shiru da shi ke nan, ba mai sani har abada. Amma yarinyar nan ce kaɗai ke cin abinci da shi a duniya, kuma ba zai iya haɗiye loma da ƙarya a gabanta ba.

“Auta, na gani tun da safen.”

Ta ɗago kai.

“Da na shigo ƙarfe bakwai na ga yadda ya kwanta, na ga inda hannunsa yake. Na gane. Kunya ce ta hana ni tambaya. Lokacin awa ɗaya da rabi ce kacal.”

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dube shi, ta dubi hannunsa da ke bakin kwanon, ta daɗe tana dubansa. Nata hannun da ta wanke yana kan cinyarta yana ɗiga har ya bushe. Can ta miƙe ta shiga kicin. Ya ji ƙarar kwanuka, ya ji uwar na tambayarta me take nema.

“Faranti,” in ji Auta. “Zuba mini nawa daban.”